Me ya sa ƙ da ɗ ke hargitsa min rubutu a sabar harshe?

Tambaya: Ina gina sabar harshe (manhajar da ke duba rubutun shiri ta nuna kurakurai) da yaren shirye-shirye na Go domin editan VS Code, wato manhajar da ake rubuta shirin a cikinta. Komai lafiya lau, amma da zarar layi ya ƙunshi ƙ ko ɗ ko emoji, sai kwafin rubutun da sabar ke riƙe da shi ya saɓa da na edita, jan layin kuskure kuma ya sauka inda bai dace ba. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Malam, a wajen ƙirga ne. Kai da edita ba da mudu ɗaya kuke awo ba.

A ƙa'idar LSP, wato tsarin sadarwa tsakanin edita da sabar harshe wanda Microsoft ya fitar a 2016, saƙon didChange, wanda edita ke turowa idan rubutu ya canja, na zuwa da lambar layi da lambar gurbi, duka daga sifili ake farawa. Gurbin nan da ma'aunin UTF-16 ake ƙirga shi, alhali Go da UTF-8 yake ajiye rubutu. Waɗannan hanyoyi biyu ne daban na mayar da haruffa zuwa bayit, wato ma'aunin da kwamfuta ke ajiye bayanai da shi. Muddin a da b ne kawai, awon biyu ɗaya ne, shi ya sa gwajinka na farko bai nuna komai ba. Amma ɗauki kalmar "ƙasa". Idan mutum ya saka harafi bayan ƙ, edita zai ce gurbi na 1. A UTF-8 kuwa ƙ bayit 2 ne, don haka in ka yanka a bayit na 1 ka tsaga harafin gida biyu ke nan. Go ba zai ce uffan ba, zai ci gaba da gurɓataccen rubutu. Da yaren Rust ne, da tuni ya tsaya cak, kuma a ganina gara hakan. Emoji ya fi muni: yawanci bayit 4 ne, gurbi 2 a UTF-16.

Maganin shi ne ka rubuta aiki guda mai mayar da layi da gurbi zuwa bayit, kowane canji ya bi ta nan, sannan duk wurin da za ka mayar wa edita ka juya shi daga bayit zuwa layi da gurbi. Tun sigar 3.17 ta LSP, edita da saba na iya daidaitawa kan UTF-8 ta saitin positionEncoding, sai dai ba kowane edita ke yarda ba, UTF-16 ne kaɗai ya zama dole ga kowa.

Sai tarko na biyu. Saƙo ɗaya kan ɗauko canje-canje da yawa, kuma a jere ake aiwatar da su, domin gurbin na biyu yana nufin rubutun ne bayan an gama na farko. Saboda haka sabunta jadawalinka na inda kowane layi ke farawa bayan kowanne. Canjin da ya zo ba range kuwa, wato bai faɗi wurin da ya shafa ba, duk takardar yake maye gurbinta. Kada ka manta \r\n ƙarshen layi ɗaya ne.

Daga saƙon didOpen (buɗe fayil) zuwa didClose (rufe shi) kar ka taɓa karanta fayil ɗin daga faifai, abin da edita ya turo shi ne gaskiya, ko ba a adana ba.

Da ni ne kai, da tsarin turo canji na Full zan fara, wato lamba 1, edita ya riƙa turo rubutun gaba ɗaya. Ƙananan fayiloli ba za su ji nauyinsa ba. In za ka koma Incremental, inda ake turo abin da ya canja kawai, fara rubuta gwaji mai ɗauke da ƙ, ɓ da emoji a layi guda.