Kashin jini daban, funfuna daban

Ka tambaye ni wai ko abin da ke sa kaji kashin jini shi ne funfunar da ka gani a gindin buhun dusa, kuma ko magani ɗaya ke kashe su. Da wata rana ce da na ce ka tafi ka wanke mazubin ruwa. Amma ka taɓo mini tsohon miki, don haka ajiye wayar nan ka saurara.

Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Mai sa kashin jini halitta ce mai ƙwaya ɗaya tal, sunanta Eimeria, daga rukunin da masana ke kira furotis. Rukunin nan kamar gidan haya yake: duk abin da ba dabba ba, ba tsiro ba, ba funfuna ba, kuma ba bakteriya ba, can aka tara shi. Ciki har da wadda sauro ke zuba maka ka kwanta zazzaɓi, da wadda tsando ke sa wa shanu su yi sammore. Ita tamu cikin naman hanjin kaza take shiga ta hayayyafa har ta fasa shi, jinin da kake gani ke nan. Ƙwanta ya fito a kashi, in ya samu danshi da ɗumi, kwana ɗaya zuwa biyu ya nuna, wata kazar ta tsince shi. Shi ya sa nake maka faɗa kan jiƙaƙƙen ɓuntu a gindin mazubi.

Funfuna kuwa zare take shimfiɗawa cikin abin da ta hau, ta narkar da shi ta tsotse, sannan ta saki irinta kamar ƙura. Danginta su ne yis ɗin burodi, da naman kaza mai tsirowa a juji, da burtuntunar dawa, da makero a kan yara.

Wata shekara da marka, masara ta yi tsada, wani dillali da muka yi shekara shida muna ciniki ya kawo mini buhu 20 da rangwame. Mutumin da ya ci tuwo a gidana, ranar sunan ɗana shi ya raba goro. Na kwance buhu biyu, na ga masara fes, na biya. Lokacin ina da buroila, wato kajin nama, 600 'yan sati uku. Sati bai cika ba suka fara takurewa, gashi a tashe, ga jini a kashi. Na ce kashin jini ne, kuma ban yi kuskure ba, shi ne ɗin. Na ba su amfuroliyam, maganin kashin jini, kwana biyar, jini ya tsaya, amma kaji suka ƙi tashi. Ba ci, ba girma, kullum da asuba sai na kwashe gawa goma, goma sha biyar. Na canja magani, na sake canjawa, ina ta zuba kuɗi a rijiya. Sai da likitan dabbobi ya farke guda uku a gabana: hanta ta kumbura, ta koma rawaya, kana taɓawa tana marmashewa. Ya ce in kai shi wurin masara. Ya zura hannu har kafaɗa ya ɗebo ta ƙasan buhu. Wallahi warin gumarta har yau yana hancina.

Ashe ruwa ne ya doke ta a rumbu, ta yi funfuna, mutumin ya shanya ta, ya murje, ya rufa mata mai kyau a baki. Ita funfunar masara da gyaɗa, Aspergillus flavus, guba take bari da ake kira afulatoksin. Shanya ba ta kashe gubar, niƙa ba ya kashe ta, dafuwa ma haka. Hanta take ci, ta karya garkuwar jiki, sai kashin jini ya samu ƙofa a buɗe. Likitan ne ya ba ni labarin cewa a 1960 ta kashe talotalo sama da 100,000 a Ingila ta cikin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil. Ni kuma ta ci mini kaji 410. Da na je wa dillalin da hantar a leda, ka san me ya ce? Wai ai kaji ne za su ci, ba mutane ba. Ko sisi bai mayar ba. Har gobe in na hango shi a jana'iza sai in canja sahu.

Ku yaran yanzu, da kaza ta yi tari sai ku ɗauki hoto ku tura wa wanda bai taɓa kwana a ɗakin 'yan tsaki ba, ya ce ku zuba maganin bakteriya. Me zai yi wa gubar da ke cikin hanta? Ko amfuroliyam ɗin ma, aikinsa hana Eimeria samun bitamin B1, ku kuma sai ku haɗa shi da bitamin a mazubi ɗaya don nuna iyawa, ku ciyar da abin da kuke son kashewa.

Awon magani da tsarin rigakafi ba zan ɓata bakina ba, wanda ya yi wata uku a gidan kaji ya san su. Tashi ka jawo buhun nan waje, kada ka karkaɗe shi kusa da 'yan tsaki, ƙurar na kama musu huhu. Ka zura hannu har ƙasa ka kawo mini in sansana.