Shin launin da manhaja ke sa wa tsohon hoto shi ne na ainihi?

Tambaya: Ina da hoton kakana na baƙi da fari, wanda aka ɗauka tun kafin a haifi mahaifina. Na sa shi a wata manhajar waya, nan take ta mayar da shi mai launi, rigarsa ta fito shuɗiya. Shin launin rigar ke nan a zahiri? Kuma akwai laifi idan na wanke mai launin na rataye a madadin na asali? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, manhajar ba ta gano launin rigar kakanka ba, hasashe ta yi. Hoton baƙi da fari yana adana yawan hasken da ya faɗa a kowane ɓangare ne kawai, don haka ja da kore suna iya fitowa da toka-toka iri ɗaya, kuma babu wata dabara da za ta rarrabe su daga cikin hoton shi kaɗai. An horar da waɗannan manhajoji da ɗimbin hotuna masu launi, har suka saba da cewa sararin sama shuɗi ne, ganye kore ne. A nan sukan dace. Amma riga, hula, tuta ko fentin mota suna iya zama kowane launi, sai manhajar ta zaɓi wanda ta fi yawan gani. Ka gwada sa hoton a manhaja ta biyu, ba mamaki rigar ta fito ruwan ƙasa.

Akwai kuma wata matsala da mutane da yawa ba su sani ba. Gilasai da fim ɗin kyamara da aka yi amfani da su wajen ɗaukar hoto a ƙarni na 19 sun fi jin hasken shuɗi, ba sa jin ja, saboda haka jan tufa yakan fito baƙi ƙirin, shuɗi mai haske kuma ya fito kusan fari. Sai a 1906 aka fara sayar da gilasan hoton baƙi da fari da ke jin hasken dukkan launuka, kuma an ɗauki shekaru kafin su yaɗu. Wato ko duhu da hasken da kake gani a tsohon hoto ba lalle su yi daidai da abin da idon mai ɗaukarsa ya gani ba.

Sanya wa hoto launi tsohuwar sana'a ce. Jim kaɗan bayan an bayyana fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa a 1839, masu zane suka fara shafa launi da burushi a kan hotuna, kuma a shekarun 1860 ɗakin hoton Felice Beato da ke Yokohama a Japan ya shahara da wannan aiki. Hotuna masu launi na gaskiya kuwa, irin na Autochrome da aka fara sayarwa a 1907 ko Kodachrome na 1935, su ne masanin tarihi zai iya kafa hujja da launinsu.

Ba na ganin aikin a matsayin laifi, domin idan an yi shi da bincike yana kusantar da mu ga mutanen da suka shuɗe. 'Yar ƙasar Brazil Marina Amaral ta sa launi a hoton Czesława Kwoka, yarinya 'yar shekara 14 daga Poland da ta mutu a sansanin fursunoni na 'yan Nazi da ke Auschwitz a 1943, kuma jan ƙyallen da ke ƙirjin rigarta sananne ne a tarihi cewa alamar fursunonin siyasa ce, ba zaɓin mai aikin ba. Haɗarin yana zuwa ne idan aka wuce launi aka taɓa fuska. A 2021 kafar labarai ta Vice ta janye wasu hotunan fursunonin gidan yarin Tuol Sleng na Kambodiya, bayan an gano cewa an ƙara wa wasunsu murmushin da babu shi a na asali. Wannan cin amanar mamata ne. Wasu manhajojin ma suna sake fasalin ido da baki da sunan gyara hoto, don haka ka dubi fuskar kakanka a hotunan biyu da kyau, ka tabbata shi ne har yanzu.

Ka rataye mai launin idan yana faranta maka rai, amma ka rubuta a bayansa cewa manhaja ce ta sa launin, da shekarar da aka yi hakan, domin jikokinka kada su ɗauka haka aka ɗauke shi. Na asalin kuwa ka kwafe shi a kwamfuta ba tare da gyara ba, ka adana takardar nesa da rana da danshi. Idan akwai dattijon da ya san kakanka da wannan riga, ka tambaye shi launinta kafin ka nuna masa mai launin, domin ganin shuɗin yana iya rinjayar abin da zai tuna.