Madubin Bindigata Yana Dushewa da Almuru

Tambaya: Malam, ina farauta da bindiga mai madubin hangen nesa 3-9x40. Da rana lafiya lau, amma da rana ta faɗi sai komai ya dushe. Abokina ya ce in sayi 6-24x50 domin ya fi ƙarfi. Zai magance matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata tukuna kada ka zaro kuɗi. Abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kusanto da abu daban, haske daban. Sau da yawa ma yawan kusantowar ne ke cinye hasken.

Ga yadda lissafin yake. 3-9 na nufin madubin yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa 9, 40 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Ka raba faɗin da ninkin, sai ka sami faɗin hasken da ke isa idonka. Ka riƙe madubin nesa da fuskarka, ka fuskanci haske, za ka ga wani ɗan ɗigo mai haske a gilashin baya. Ka murɗa ninkin sama, ka kalli yadda yake tsukewa. Naka a ninki 9 yana ba da kamar milimita 4.4. Na abokinka a ninki 24 kuwa milimita 2 ne da 'yan kai. Baƙin idon saurayi kan buɗe har kusan milimita 7 cikin duhu, na wanda ya manyanta ya tsaya wajen 5. In faɗin hasken bai kai buɗewar idonka ba, sai abin da kake kallo ya dushe.

Saboda haka gobe da almuru ka sauko da naka zuwa ninki 5 ko 6, ka sake dubawa. Ina kyautata zaton za ka ga bambanci.

In har yanzu da dushi-dushi, to laifin gilashin ne. A nan ni ba na sassautawa: gara 3-9x40 mai gilashi nagari, wanda aka yi wa shafen da ke rage ɓatan haske a kowace fuska, da babban madubi mai araha. Ka tabbatar an cika shi da iskar naitirojin don kada ya yi gumi daga ciki. Ka kuma duba tazarar ido, wato nisan da ke tsakanin idonka da gilashin baya, ta kai santimita 9 zuwa 10, don kada bindiga ta yi baya madubin ya fasa maka gira.

Kada ka raina zobban da ke riƙe shi. Bututun wani milimita 25.4 ne, na wani 30, kuma zoben wannan ba ya zama a wancan. Gilashi mai faɗin 50 yakan buƙaci dogayen zobba, sai kuncinka ya tashi daga gindin bindiga, saiti ya riƙa rawa.

Abu ɗaya nake roƙonka: madubin bindiga ba na leƙe-leƙe ba ne. In ka ga motsi a duhu ba ka tabbatar ko mene ne ba, ka duba da tabaron hangen nesa na hannu, bakin bindiga yana ƙasa.

Duk madubin da ka ɗora, sai ka sake saiti a filin gwaji, a mita 100, da irin harsashin da za ka fita da shi.