Fitila ta kama amma fedal ɗin ya yi shiru

Na ga saƙonka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka gama haɗa fedal ɗin nan mai gurza sautin jita, irin tsarin MXR Distortion+, in ba ka taka ba jita na fita lafiya lau a amfilifaya, da ka taka fitila ta kama sai ɗif, sai dai in ka daki tsirkiya da ƙarfi ka ji wani ɗan ƙarat ƙarat kamar rediyo ta rasa tasha. Kuma wai ka canza IC, wato 'yar baƙar aba mai ƙafafu da ke ƙara ƙarfin sauti, har sau biyu, ta biyun ma TL072 ka sa don an ce maka ta fi 741 ɗin da tsarin ya zo da ita kyau.

To ɗana, fara cire TL072 ɗin nan tukuna. Ƙafa takwas ne da su duka, shi ya ruɗe ka, amma cikinsu ba ɗaya ba ne. 741 amfilifaya ɗaya ce a ciki, wutarta na shiga ta ƙafa ta 7, sauti na fita ta 6. TL072 kuwa biyu ce a gida ɗaya, wutarta ta ƙafa ta 8 take shiga, fitarta 1 da 7, kenan yanzu ka ɗura mata volt 9 ta bakin fita ka bar bakin cin nata a buɗe. In kana son 'yar gidansu da za ta zauna daidai a ramin 741 to TL071 ce. Mayar da 741 ɗinka, ka duba ɗan yankan nan ko ɗigon dake kanta ya kalli inda zane ya nuna, sannan ka ajiye ayan soda can gefe kar ka ƙara taɓa shi sai mita ta nuna maka wuri. Canje canjen kaya da ka, shi ke mayar da matsala ɗaya ta zama uku.

Ita fitila kar ta yaudare ka, resista ɗaya ce da layi ɗaya na suwic, ko babu IC a bod ɗin gaba ɗaya zata kama abinta. Amma abin da ka faɗa ya rage mana aiki, tunda sauti na wucewa in ba ka taka ba to jak biyun da kebul lafiyarsu ƙalau, ciwon yana kan bod, ko suwic ɗin kansa, ko wayoyin da suka tashi daga suwic zuwa bod.

Ɗauko mita ka sa ta a DC, baƙin tsinke a nagatif. Ka tabbata akwai kebul a jak na shiga, don in da batir kake aiki kuma ka yi wayarin yadda aka saba, sai an soka kebul batir ke haɗuwa. Ƙafa ta 7 ya kamata ka ga kusan volt 9, ta 4 sifili, ta 6 wajen 4.5. Wannan huɗu da rabin shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, saboda sautin jita lilo yake yi sama da ƙasa, ita kuma IC batir ɗaya kawai gare ta, dole a ɗaga ta a zaunar a tsakiya don ta samu filin lilo ta kowane ɓangare, aikin resista biyun nan masu 1M (ohm miliyan ɗaya) kenan da suka raba wuta gida biyu. In ta 6 ta manne a ƙasa ko ta haye kusa da volt 8, IC ta jingina da bango, sai bugu mai ƙarfi ne kaɗai zai ɗan leƙo, kuma wannan shi ne ainihin ƙarat ƙarat ɗin da kake ji. Ni dai a nan nake zargi.

Abu ɗaya da zai iya tsorata ka, in ka auna ƙafa ta 3 zaka ga ta gaza 4.5, mita mai kyau zata nuna wajen 3.9, mai araha ma ƙasa da 2. Ba matsala ba ce, mitar ce da kanta ke jan wutar tunda resistocin wurin manya ne. Ta 6 zaka yarda da ita.

In lambar bata yi ba, cire batir ka juya bod ka samu haske sosai. Nemi dalmar da ta tsallaka ta haɗe layi biyu, wani lokaci siririya ce kamar gashi, ka bi tsakanin layukan da bakin reza. In bod mai dogayen layin tagulla ne duba wuraren da ya kamata ka yanke, yanka ɗaya da aka manta ya isa. Dalmar da ta dunƙule tayi toka toka kamar ƙwallo ba ta kama ba, ko da ido ya ce ta kama. Sai kalar resista, 4.7k rawaya, shunayya, ja ce, 47k kuma ta ukun ruwan lemo, a ƙarƙashin ƙwan lantarki mara haske wallahi ni kaina na sha cin wannan, shi ya sa yanzu sai na auna kowace kafin in dasa.

In kuma wuta ta zauna daidai amma har yanzu shiru, sai mu bi sautin da kunne. Samu tsohon kebul na jita ka yanke kai ɗaya, wayar waje ka maƙala ta a nagatif, ta tsakiya ka liƙa mata kapasita 100nF, ɗaya ƙafar kapasitar ita ce tsinkenka, ita zata tare DC kar ya shiga amfilifaya. Rage bolum sosai don akwai wurin da zai fashe maka kunne. Sa wani ya riƙa kaɗa jitar, kai kuma ka taɓa bakin shiga bod, sai ƙafa ta 3, sai ta 6. A ta 6 in ka murɗa gen, wato maɓallin ƙara gurzar sauti, har ƙarshe sautin zai yi tsalle sosai, don 1M da 4.7k ɗin nan na ninka shi sau 200 da 'yan kai. Wuce bayan kapasita 1uF, bayan resista 10k, kan diyod, ƙafar tsakiya ta bolum. Inda ka ji a baya baka ji a gaba ba, nan ɓarawon yake, kaya biyu ko uku ne kawai zaka bincika maimakon bod guda.

A kan diyod sauti zai ragu, haka aka gina shi, su ne masu aske kan sautin su zubar ƙasa. Na jamaniyam irin 1N270 wajen volt 0.3 suke yankewa, na silikon irin 1N4148 wajen 0.6, don haka in ka gyara ka ji fedal ɗin bai cika ƙarfi ba kar ka ce ya lalace. Amma in ya mutu ɗungum a wurin, ɗaya ta yi shot, wato ta haɗe ta ciki, ko ka gasa ta da ayan, na gilashin nan basa son zafi.

Suwic mai ƙafa tara shima haka, in ka daɗe da ayan a kai ƙafar na narkewa ta ciki ta daina haɗawa, kuma faffaɗan gefen ƙafafun a kwance ya kamata su kasance, in ka juya shi wayarin duk ya rikice. Gwada shi da wurin da mita ke yin tiit in layi ya haɗu.

Kar ka kulle shi a akwati sai yayi a waje. In yayi a waje ka sa a ciki ya ɗauke, bayan bolum ne ke taɓa dalma, ko jak ɗin wuta na ƙarfe ne, tunda adaftar fedal irin ta Boss tsakiyarta ce nagatif wajenta fozitif, jak na ƙarfe zai haɗa fozitif da jikin akwati kai tsaye, sa na roba. In kuma ya kama fito fiii da ka ƙara gen, raba wayar shiga da ta fita, ka gajarta su.

Auna ƙafa 2, 3, 4, 6 da 7 ka rubuto min lambobin yadda suke, kar ka gyara min su, ka haɗo da hoton bayan bod mai haske.