Sai na daina haɗa kiɗa kafin in koyi rubuta manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Tudun Wada nan Kaduna. Ina da tsohuwar laftof mai RAM gigabait 4, da ita nake haɗa kiɗa a FL Studio idan na samu sarari. Yanzu ina so in koyi rubuta manhaja, amma abokai sun rikita ni. Wannan ya ce Python, wancan ya ce JavaScript, wani kuma ya ce in ban saka Linux ba, ban ma fara ba. Yayana shi kuma cewa ya yi in goge kayan kiɗan tukuna, don suna cinye min lokaci. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka goge komai. Ka fara da harshen kwamfuta na Python, a kan Windows ɗin da ke cikin laftof ɗinka yanzu, kuma kiɗan nan ka mai da shi ƙofar shiga.

Duba abin da hannunka ya riga ya saba da shi. Idan ka buɗe FL Studio za ka jera bugun ganga, layin 'yan akwatuna 16 kake tararwa, ka kunna wasu ka bar wasu. A wajen mai rubuta manhaja wannan jeri ne na lambobi 16, inda ka kunna 1, inda ka bari 0. Da ka ce jerin ya yi ta zagayowa har sau takwas, ka yi abin da muke kira maimaici, kuma a nan sababbin ɗalibai da yawa ke cijewa. Da ka ce amshi ya shigo sai bayan baiti ya ƙare, ka gindaya sharaɗi. Idan ka sa gudun kiɗa a kan bugu 120 a minti ɗaya, kowane bugu rabin daƙiƙa ke nan, lissafin da kake yi da kunne ba tare da ka ɗauki biro ba. Jeri, maimaici da sharaɗi su ne ƙashin bayan kowane harshen kwamfuta. Abin da ya rage maka shi ne ka koyi rubuta su da haruffa maimakon danna su da linzami.

Shi kansa sautin lambobi ne zalla. Fayil ɗin WAV mai ingancin faifan CD yana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo bait 2 (bait shi ne ma'aunin girman fayil), a ɓangaren hagu da na dama. Ka ninka su za ka ga minti ɗaya ya ɗan haura bait miliyan 10, shi ya sa waƙoƙinka ke saurin cika maka faifai. Sautin da ake saita kayan kiɗa da shi yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, idan ka ninka zuwa 880 sai ka ji shi ɗin ne dai amma da siririyar murya. Ranar da ka rubuta layuka kaɗan kwamfuta ta fitar maka da wannan sautin, za ka gane abin da manhajar kiɗanka take yi a ɓoye tun da daɗewa.

To, batun gardamar abokanka. Python wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fito da shi a 1991, kuma tun farko an gina shi ne don ya yi sauƙin karantawa. JavaScript kuwa Brendan Eich ya rubuta shi a kamfanin Netscape a 1995 don shafukan intanet, har yau shi ne harshen da kowace burauza ke ji. Mai ba ka shawarar JavaScript bai yi ƙarya ba, idan gina shafuka ne burinka dole wata rana ka je gare shi. Amma kafin ka ga abin kirki da shi sai ka haɗa da HTML da CSS, masu tsara shafi da ƙawata shi, wato kaya uku a ka tun ranar farko. Da Python kuwa abu ɗaya kake fuskanta. Ni a ganina, wanda ya riƙe harshe ɗaya har ya gama ƙaramin aiki da shi ya fi wanda ya ɗanɗana biyar, kuma harshe na biyu ba zai ba ka wuya kamar na farko ba. Ka dai lura: duk darasin da ka gani na Python 2 ka wuce shi, an daina kula da shi tun ranar 1 ga Janairun 2020. Python 3 ake yi, wanda ma ya fi iya sarrafa rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ.

Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, yana da kyau, amma ba yanzu ba. FL Studio ba shi da nau'in Linux, Windows da macOS kawai kamfaninsa ke yi wa, saboda haka idan ka bi wannan shawara kai ne za ka yi asara. Wajen manhajar da za ka riƙa rubutu a cikinta kuma, abokanka za su ce VS Code, wanda Microsoft ya fitar a 2015 kuma kyauta ne. Sai dai yana da cin RAM, idan ka buɗe shi tare da burauza a kan gigabait 4 za ka ji fankar laftof tana kuka. Ka sauke Thonny. An yi shi ne a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya musamman don masu koyo, yana zuwa da Python a cikinsa, ba ya buƙatar data bayan ka girka shi, kuma yana nuna maka yadda kowane layi ke gudana ɗaya bayan ɗaya. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, kayan aiki mara nauyi yana ƙara maka lokacin batir.

Aikin farko da nake so ka yi yana cikin foldarka. Na san irin sunayen da ke ciki: "sabo", "sabo 2", "na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre". Bayan ka koyi jeri da maimaici, ka rubuta 'yar manhaja da za ta leƙa foldar ta hanyar os, ta buɗe kowane fayil na WAV da wave, ta rubuto maka sunansa da tsawonsa a daƙiƙoƙi. Os da wave ɗin nan kayan aiki ne da ke zuwa tare da Python. Daga nan ka sa ta canza sunayen ta liƙa musu kwanan wata. Don Allah ka kwafi foldar gefe guda ka yi gwaji a kan kwafin, domin manhaja ba ta tambaya kafin ta aikata abin da ka rubuta. Idan kana son ɗan nishaɗi a tsakani, akwai Sonic Pi, manhajar haɗa kiɗa ta hanyar rubutu, wadda Sam Aaron ya fara a Jami'ar Cambridge, inda rubuta play 69 ke fitar da wancan sauti na 440. Amma salon rubutunsa na harshen Ruby ne, don haka ka ɗan taɓa shi kawai ka komo.

Shi kuma Yaya, ka saurare shi da kyau, don maganarsa ta lokaci gaskiya ce. Haɗa kiɗa yakan ɗauke mutum daga bayan isha'i har tsakar dare bai sani ba. Ka ware wa Python awa ɗaya kullum, kuma ita za ka fara yi da zarar an kawo wuta, kafin ka taɓa FL Studio. Idan manhajar sunayen nan ta yi aiki, ka kai masa laftof ɗin ka danna ta a gabansa ya gani da idonsa.