Akwatin Ƙudan Zuman Sylvia Plath Ba Makara Ba Ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗalibar adabin Turanci ce, aji uku. An ba mu aikin nazarin waƙar Sylvia Plath mai suna "The Arrival of the Bee Box", kuma saura kwana biyar mu miƙa. Duk abin da na karanta a intanet cewa yake yi akwatin nan makara ce, waƙar kuma wasiyyar mace ce mai shirin kashe kanta. Ni kuwa da na karanta, tsoro na gani da kwaɗayin iko. Hankalina ya tashi, ina gudun in rubuta fahimtata a kayar da ni. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yata, idonki ya ga daidai.

Wannan zancen wasiyya ya ishe ni. Duk zangon karatu sai na duba takardu tuli guda, kowacce da jimla iri ɗaya, an kwaso daga shafukan masu sayar da amsar jarrabawa. Dalilinsu ɗaya ne: Plath ta kashe kanta a Landan ranar 11 ga Fabrairu 1963, don haka duk ɗangon da ta rubuta sai a ja shi da ƙarfi zuwa kabari. Gaskiya ne a baiti na farko ta ce akwatin ya yi kama da akwatin gawar wada. To amma a nan take ta janye kamancen da bakinta, ta ce da haka ne da ba a ji wannan hayaniya a ciki ba. Gawa ba ta hayaniya. Abin da ya hana matar nan sakat shi ne akwatin cike yake da rai, rai mai fushi.

Duba tarihin kuma. Ta fara kiwon zuma a watan Yunin 1962 a gidansu da ke Devon, kuma ba baƙuwar harkar ba ce, don mahaifinta Otto Plath masanin ƙwari ne, har ya wallafa littafi a kan wani nau'in ƙudan zuma a 1934. Waƙoƙinta na zuma guda biyar, har da wannan, ta rubuta su cikin mako ɗaya a farkon Oktoban 1962, aurenta da Ted Hughes na wargajewa, tana tashi da asuba ta yi rubutu kafin 'ya'yanta biyu su farka. A watan ne ta rubuta wa mahaifiyarta cewa tana rubuta mafi kyawun waƙoƙin rayuwarta. Da ta tsara littafinta Ariel da hannunta, da waƙoƙin zuma ta rufe shi, kalmar ƙarshe a littafin kuwa ita ce bazara, lokacin da ƙudan za su fito bayan hunturu. Hughes ne ya sauya tsarin a bugun 1965, ya rufe da waƙoƙin makonninta na ƙarshe masu duhu. Sai a 2004 aka buga littafin yadda ta bar shi. Shekara kusan arba'in ana karanta ta a jerin da ba ita ta jera ba, daga nan wannan gurguwar fahimta ta samu gindin zama.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda fassarar ke ƙawata mutuwar, kamar ita ce cikar fasaharta. Na taɓa ganin ɗaliba ta rubuta cewa mutuwar Plath ita ce waƙarta mafi kyau. Na ajiye biro na daɗe ban ci gaba ba. Ciwon damuwa ne ya ci matar nan, ciwon da ta yi fama da shi tun tana ɗaliba, kuma ciwo ne da ake kai wa asibiti. A kowane aji akwai yarinyar da ke ɗauke da irinsa ba ta gaya wa kowa ba, sannan mu malamai mu tsaya gabanta muna yi wa ajali kirari. Ba da ni ba.

Yanzu ga inda za ki sa ƙarfinki. Bi muryar mai maganar baiti bayan baiti ki ga yadda take lilo tsakanin tsoro da iko. Ita ta yi odar akwatin, amma tana tsoronsa, kuma ta kasa nisantarsa. Ta leƙa ta 'yar raga, duhu kawai. Ta kara kunne, sai ta ji kamar gungun talakawan Rum suna ihu da Latin, ta amsa cewa ita ba Kaisar ba ce. Ɗango kaɗan bayan haka sai ga ta tana cewa za ta iya mayar da su, za ta iya barinsu su mutu da yunwa, ai ita ce mai su. Mai cikakken iko ba ya tsayawa yana nanata wa kansa haka. Tsoro ne ya ari rigar sarauta.

Kada ki tsallake baiti na uku, inda ta kamanta ƙudan da hannayen 'yan Afirka da aka cusa don fitarwa waje. Jirgin bayi ne wannan, ita kuma ta tsaya a matsayin ubangijin bayi. Wasu manazarta na ganin ta tona asirin mallaka ne, wasu na ganin Baturiya ce ta ari azabar baƙar fata don ta zana damuwarta. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun na nan, kuma siffantawar tana yi mini ɗaci duk lokacin da na karanta. Ke 'yar Afirka ce, kina da haƙƙin faɗin yadda ta same ki, muddin kin kafa hujja da nassin.

Jigon mace kuwa yana fitowa inda ta yi tunanin rikiɗa ta zama bishiya don ƙudan su manta da ita, ishara ga Dafni ta tatsuniyar Girka wadda ta zama bishiya don ta tsira daga Apollo. Dabarar ɓuya ke nan, ta macen da aka koya wa cewa tsira na cikin yin shiru. Ba ta zauna a kai ba, ta ce gobe za ta zama abin bauta mai tausayi ta sake su. Furucin da nauyi a kunnenmu, amma ki lura da "gobe": alkawari ne, ba ta riga ta yi ba. In kina son ƙarin hujja, a waƙa ta uku cikin waƙoƙin zuman ta ce tana da sarauniyar da za ta ƙwato a cikin kanta, a ta biyar kuma ƙudan duk mata ne, sun kori mazan, kamar yadda ake yi a amya ta gaske idan sanyi ya gabato.

Sai zubi. Waƙar ƙwar biyar ce, baiti bakwai, kowanne a rufe tamkar akwatin. Daga nan ɗango na 36 ya tsaya shi kaɗai a waje, yana cewa akwatin na ɗan lokaci ne. Masu wasiyya za su ce jikinta take nufi. Ki tambaye su a takardarki: in haka ne, me ya sa ɗangon da ya zo daf da shi yake maganar buɗe wa ƙudan su fita?