Tambaya da Amsa: Fandeshon Gareji a Ƙasar Sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Inda nake zaune ƙasa kan daskare da hunturu har zurfin mita ɗaya da wani abu. Gareji nake son ginawa, ba zan sa masa na'urar ɗumama ɗaki ba. An ce in na shimfiɗa allunan kumfa, wato allunan roba marasa nauyi masu tare sanyi, ba sai na haƙa fandesho mai zurfi ba. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma an daɗe ana yi a Norwe da Suwidin da Finlan. A Amurka ƙa'idar ASCE 32, ta ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ƙasar, ce ke tsara aikin. A gidan da ake ɗumamawa, haƙar santimita 30 zuwa 40 kan wadatar.

Abin da ke ɗaga gini shi ne ƙanƙarar da ke taruwa cikin ƙasa mai laka, tana zuƙo ruwa daga ƙasa tana ƙara kauri, har ta tsaga daɓe ta karkatar da ƙofa. Kumfar ba ta kawo zafi, ɗumin da ke cikin ƙasa take riƙewa.

A nan masu gareji ke yin kuskure. Gidan da ake ɗumamawa yana zubar da zafi cikin ƙasa, don haka kumfa a gefen fandesho da kusurwoyi ta ishe shi. Naka ba shi da wannan gatan. Dole kumfar ta bi ƙarƙashin daɓen gaba ɗaya, har ƙarƙashin bakinsa mai kauri, sannan ta fito waje ta kowane gefe kamar fiffike. Faɗin fiffiken da kaurin kumfar daga lissafin tsananin sanyin yankinka ake ɗauko su, kada ka kwaikwayi na maƙwabci.

A kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwa mai tsabta aƙalla santimita 15, a danne ta sosai. A jera allunan kumfa nau'in XPS a matse, shimfiɗa ta biyu ta rufe mahaɗan ta farko, a shimfiɗa leda, a ɗaura rodi, a zuba kankare. Fiffiken a rufe shi da ƙasa santimita 25, a karkata ta yadda ruwa zai gudu daga bango. A duba ƙarfin allon kafin saye, musamman na ƙarƙashin bango, inda nauyi ya fi yawa.

Bakin ƙofar mota shi ne wurin da ya fi ba da ciwon kai: ana share dusar ƙanƙara a nan, sanyi ya sami hanya ya nutse. Kada a yanke kumfar a wurin. Fetur kuma yana narkar da ita, rana tana cinye wadda aka bari a fili, gara na yin hanya cikinta, don haka a lulluɓe duk inda ta leƙo. In kuma yankinka ƙasa ba ta narkewa duk shekara, wannan tsarin bai dace da kai ba.